Toku-san da Majefin Gidan Awara

Kamoshita Tokuji ne ya gano ni. Na fara da wannan ne don duk wanda zai ji labarinsa ya san irin idon da ake magana a kai.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yi wa ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifan ƙwallo da dukanta da gora, farautar 'yan wasa a arewacin ƙasarmu, daga Fukushima har Aomori. Aikinsa shi ne ya zauna a filayen makarantun sakandare da na kamfanoni, ya kalli samari suna jifa suna duka, ya rubuta wa ofis wanda zai zama wani abu. Ni a wani garin masunta na Akita ya same ni, ina ɗan shekara goma sha bakwai, ina jifa da hagu. Ya rubuta a rahotonsa cewa irina sau ɗaya ake gani a shekara goma. Bai yi ƙarya ba. Na yi shekara shida a ƙungiya ta biyu, inda ake renon waɗanda ba su nuna ba tukuna, aka kira ni babbar ƙungiya sau ɗaya tak. Na yi jifa goma sha ɗaya, aka daki uku suka tsallake katanga. Tsofaffin magoya baya sun tabbatar da cewa sun shekara goma ba su ga irin wannan ba.

Da aka sallame ni, Toku-san, kamar yadda kowa ke kiransa, ya ja hannuna har ofishin manaja ya ce, "Ga Nukui. Ku ba shi jifan atisaye. An haife shi ne don a daki jifansa, kun gani da idonku." Aka ɗauke ni. Tun daga ranar nake jefa wa masu duka ƙwallo ɗari da ashirin kullum don su saba da duka, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba. Shi kuwa ya sa ni a jerin nasarorinsa.

Shi ma ɗan wasa ne a da. Mai cafka ne, wanda ke tsugunawa a bayan mai duka, ya yi shekara tara a ƙungiya ta biyu har yatsun hannunsa na dama suka karkace kowanne ya kama gabansa. An taɓa kiransa babbar ƙungiya na kwana uku. Kwana ukun nan ruwa aka yi ta yi, ba a buga wasa ko ɗaya ba, a na huɗu aka mayar da shi inda ya fito. Wannan bai hana shi fara magana da "lokacin da nake babbar ƙungiya" ba, kuma idan ka tsaya za ka ji yadda abincin otal ɗin yake.

Ofis ya ba shi na'urar auna gudun ƙwallo, kamar sauran mafarauta. Yana matuƙar ji da ita, don ita yake ɗorawa a kan jarida kada iska ta kwashe. Abin da yake aunawa daban ne. Yana duban yadda yaro ke komawa benci bayan an daki jifansa, da gudu ko yana jan ƙafa. Yana duban yadda yake cin shinkafa. Sama da komai yana duban uwa. A iliminsa, ƙirar yaro daga uwarsa take, saboda haka yayin da sauran mafarauta ke kallon fili, shi yana juya baya yana nazarin kafaɗu da ƙugun matan da ke raba shayi a rumfar iyaye. Sau biyu malaman makaranta suka kira masa ɗan sanda. Idan ya gamsu da uwa, sai ya sayi kwalin alewa ya tafi gaisuwa, a ba shi abinci, ya dawo bayan wata guda a sake ba shi. Akwai gidaje a Iwate da ya ci a cikinsu shekara uku a jere, yaran suka tafi wasu ƙungiyoyin. Matarsa Kikue ta taɓa ce min ta fi sanin muryarsa a waya da fuskarsa, kuma ba ta yi ƙorafi ba.

Babban aikinsa da aka fi tunawa shi ne rahoton Magara. Magara yaro ne daga Miyagi, mai duka da hagu, Toku-san ya kalle shi sau ɗaya ya rubuta layi biyu: tafiyarsa irin ta agwagwa ce, kuma ba zai ci abinci da besbol ba. Abokan hamayyarmu suka ɗauke shi. Shekara goma sha tara ya yi yana cin abinci da besbol, mafi yawa daga kwanonmu. Wani mai kirki a ofis ya buga kwafin rahoton ya manna kusa da injin shayi. Duk ranar da Magara ya aika ƙwallonmu bayan katanga ya kama zagaye fili a hankali, Toku-san yakan nuna talabijin da karkataccen yatsansa ya ce, "Ku dubi tafiyar. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Sai aka kawo Negishi ya shugabanci sashen farauta. Ɗan shekara talatin da huɗu ne, bai taɓa riƙe gora ba sai a makarantar firamare, amma yana da digiri biyu da kwamfuta uku. Yaro ne mai ladabi ƙwarai. Idan zai gaya maka ba ka san komai ba, sai ya rusuna tukuna. Ya fito da takarda mai gurabe arba'in da biyu da kowane mafarauci zai cike a kan kowane ɗan wasa: gudun jifa, juyawar ƙwallo a iska, tsawon taku, da sauransu. Toku-san ya cike gurbin suna, ya rubuta "uwa ƙaƙƙarfa" a gurbin ƙarin bayani, ya mayar. Daga nan Negishi ya fara tambayarsa a kowane taro, cikin girmamawa, ko ya fara tunanin hutu.

A wannan shekarar ce likita ya hana Toku-san tuƙi saboda yanar ido. Ba ya iya bambanta fitilar hanya ja da kore. Farautar 'yan wasa kuwa ba wanda ya hana shi, tunda ba a gaya wa ofis ba. Saboda haka wata Litinin a watan Agusta, ranar hutuna, ya kira ni.

"Nukui, me kake yi?"

"Ina hutawa, Toku-san."

"Daga me? Zo ka kai ni wani wuri."

Wani wurin ya zama tafiyar awa huɗu, zuwa wani fili a bakin kogi a Iwate inda ƙungiyoyin gari ke karawa, mutanen da ke aiki da safe su yi wasa da yamma. 'Yan kallo goma sha huɗu ne, har da kare. Mai jifan ɗaya ɓangaren wani gajere ne mai tumbi, ɗan shekara ashirin da biyar, sunansa Tsukidate Genta. Yana sunkuyawa kamar zai tsinci wani abu da ya faɗi, sai ƙwallon ta fito daga gefen gwiwarsa tana tafiya a natse. Na ɗauki na'urar daga kan jarida na auna. Kilomita ɗari da ashirin da shida a awa.

"Toku-san, ni da ke da shekara arba'in da huɗu na fi wannan gudu, kuma ni biyana ake yi don kada in yi gudu."

"Rufe bakinka ka buɗe kunnenka."

Na saurara. Ban san me nake saurare ba sai da aka yi zagaye uku. Na shafe rayuwata ina jin ƙarar gora idan ta sami ƙwallo a tsakiya, ba wanda ya san wannan ƙarar kamar ni. A nan babu ita. Duk wanda ya kai duka sai ka ji ƙwas, kamar an taka busasshen kara, ƙwallo ta gangara ƙasa ta sami mai tsaro yana jira. Na koma bayan raga na tsaya inda mai duka ke tsayawa. Hannun mutumin yana ɓoye a bayan ƙugunsa har ƙarshe, ba ka ganin ƙwallon sai ta kusa, kuma daidai sanda ka yanke shawara sai ta nutse.

"Wata biyu ina zuwa a jirgin ƙasa," in ji Toku-san. "Ban ji an same shi a tsakiya ba ko sau ɗaya."

"Masu kai wasiƙa ne da mahauta ke dukan."

"Mahauta ma suna da idanu."

Bayan wasa muka bi Tsukidate gida. Gidan awara ne, shi da ubansa ke yi, suna tashi tun da asuba su jiƙa wake su ɗaga bokitai. Aka zaunar da mu, Toku-san ya miƙa kwalin alewa da katinsa da hannu biyu. Uban ya juya katin ya dubi bayansa ko akwai wani abu mai amfani.

"Kamoshita-san, na gode da alewa. Amma idan kun tafi da shi, wa zai ɗaga min bokitai?"

"Shekara biyu ko uku ne, Baba. In bai yi ba za mu dawo maka da shi."

"Da ƙarfinsa?"

A daidai lokacin uwar ta shigo da shayi. 'Yar mitsitsiya ce, da ƙyar ta kai kafaɗata, hannuwanta kamar tsinken cin shinkafa. Na sunkuya na raɗa masa, "Uwa ƙaƙƙarfa." Ya yi kamar bai ji ba. Ya nemi izinin gaida magabata, ya durƙusa gaban ɗan akwatin tunawa da mamata da ke kusurwar ɗaki, ya kai hancinsa dab da hoton wata tsohuwa mai faɗin kafaɗa, ya daɗe yana dubawa. Da muka fito ya ce, "Kakarsa ya ɗauko. Wani lokacin yakan tsallake."

Sai da muka shiga mota Tsukidate ya biyo mu da leda cike da awara, ya rusuna ya ce, "Ba wanda ya taɓa zuwa kallona sau biyu." Ya juya ya koma ciki.

A watan Satumba aka gayyace shi gwaji a filin ƙungiya ta biyu. Negishi ya zo da na'urorinsa, ya jera su kamar za a yi wa mutumin tiyata. Tsukidate ya yi jifa goma, allo ya nuna ɗari da ashirin da bakwai. Negishi ya rusuna wa Toku-san.

"Ku gafarce ni, Kamoshita-san, ni ban daɗe a harkar ba. Wannan jifa yake yi, ko miƙa wa mai cafka yake?"

"Sa masa masu duka."

Aka sa biyar daga cikin samarinmu da ake ji da su, waɗanda kullum ke aika jifana kan rufin ɗakin ajiya. Ba wanda ya fitar da ƙwallo daga tsakiyar fili. Na huɗun ya karya gora, na biyar ya dawo yana duban tasa kamar ita ta ci amanarsa. Negishi ya ce mutum biyar ba hujja ba ce, kuma a duk bayanan da yake da su na shekara ashirin, ba wanda ya yi nasara da irin wannan gudun. Toku-san ya tambaye shi ko a bayanan akwai wanda aka ba dama da irin wannan gudun. Negishi ya ce tambaya ce mai kyau, za a duba.

Ina tsaye ina kwashe ƙwallaye na ji sauran. Toku-san ya ce, "Negishi-kun, saura min shekara biyu a kwantiragi. Ka ɗauke shi a zagayen ƙarshe na zaɓen sababbin 'yan wasa, ni kuma in tafi a Disamba."

Negishi ya ce, "Haba, Kamoshita-san, ai ba ma son rasa ku." Ya faɗi haka ne yana laluben biro a aljihu.

Ranar zaɓen sababbin 'yan wasa a Oktoba, an kira sunaye sama da ɗari kafin a kira Tsukidate Genta. Talabijin ta riga ta koma labarin yanayi. An ba shi riga mai lambobi uku a jere, irin ta 'yan reno waɗanda ba su da izinin taka babbar ƙungiya, irin wadda ni ma nake sawa. Aka yi wa Toku-san liyafar bankwana, aka ba shi furanni da agogon bango, Negishi ya yi jawabi a kan ido wanda babu na'urar da za ta maye gurbinsa. Washegari aka sa firinta a kan teburinsa.

Daga nan reno ya fara. Kocin majefa na ƙungiya ta biyu a lokacin shi ne Hozumi, mutum mai ƙwazo da ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi. Ya kalli Tsukidate kwana biyu ya ce akwai gyara. Ya ɗaga masa hannu zuwa kafaɗa. Ya sa shi ɗaga ƙarfe, ya hana shi shinkafa kwano na biyu, tumbin ya tafi. Cikin wata shida gudun ya haura zuwa ɗari da talatin da biyar, aka rubuta a rahoto cewa an sami ci gaba na kilomita takwas. Ɗari da talatin da biyar daga saman kafaɗa, a miƙe, shi ne jifan da kowane mai duka ke roƙo ya gani kafin ya mutu. Ƙarar da na sani ta dawo. Ƙungiyoyin da muke karawa da su har murna suke yi in sun ga ya fito. Hozumi ya ce alama ce ta cewa ana bukatar ƙarin gyara.

Toku-san kuma, da yake ya yi ritaya, sai ya sami lokacin zuwa aiki kullum. Yana shiga jirgin ƙasa na awa biyu, ya zauna a bencin 'yan kallo cikin tsofaffin da ba su da wurin zuwa da rana, ya yi ta ihu. "Hozumi! Sauke masa hannu! Hozumi, kai da ka yi nasara huɗu a rayuwarka!" Hozumi ya aika a gaya masa cewa shida ne. Daga baya aka sa mai gadi ya roƙe shi ya rage murya, sai ya sayo mazurarin roba na ƙara murya, irin na magoya baya.

Wata rana bayan atisaye na hau na zauna kusa da shi. Yana cin dunƙulen shinkafa da Kikue ta ɗaure masa. Na ce, "Toku-san, kana kunyata yaron nan. Jiya a ɗakin sauya kaya sun yi ta kwaikwayonka."

"Su yi."

"Me ya sa wannan? Ka kawo mutum sittin ƙungiyar nan, ba ka taɓa yi wa ɗaya ihu ba."

Ya daɗe yana tauna. Sannan ya ce, "Kai da na kawo ka, ta ina kake jifa?"

Ta gefe nake jifa a Akita. A watana na uku kocin wancan zamanin ya ce ba a yin haka a ƙwararru, ya ɗaga min hannu.

"Ina tsaye a bayan raga ranar," in ji shi. "Na ce a raina, ni nawa kawowa ne, renon nasu ne. Na tafi na ci taliya." Ya naɗe takardar shinkafar ya sa a aljihu. "Ba ni da tabbacin da ka zama wani abu. Wataƙila da biyu za su tsallake katanga maimakon uku. Amma da mun sani."

Sama da shekara ashirin da biyar ina jiran wani ya faɗi wannan maganar, kuma da ta zo abin da na ce shi ne, "Akwai shinkafa a gemunka." Ya share. Muka kalli masu share fili har suka gama.

A ƙarshen shekararsa ta biyu Tsukidate ya san an gama da shi. A ƙungiya ta biyu ba a gaya maka, amma in Satumba ta yi koci ya daina gyara ka, ya fara tambayarka lafiyar iyayenka, to ka nemi kwat ɗin da za ka sa ranar sallama. Ya same ni ina jiƙa kafaɗa a ruwan ƙanƙara.

"Nukui-san, gobe an ce zan yi zagaye uku. Ina jin su ne na ƙarshe."

"Ina jin haka."

"In na yi jifana na gida, me za su yi min?"

"Za su kore ka."

"In na yi nasu fa?"

"Za su kore ka su ce kana da ladabi."

Washegari ya hau tudun jifa, ya sunkuya kamar zai tsinci wani abu. Mutum tara suka zo, mutum tara suka koma, da jifa ashirin da uku. Hozumi ya yi ta ɗaga hannu daga benci kamar mai tsayar da tasi, Tsukidate bai dubi wajen ba. A bencin 'yan kallo kuwa, karo na farko cikin shekara biyu, ba a ji mazurari ba. Na leƙa na ga Toku-san ya rufe ido ya karkata kai gefe.

Hozumi ya kai ƙara ofis cewa an yi masa rashin biyayya. Negishi ya buɗe bayanan wasan don ya haɗa da takardar sallama, sai ya ga na'ura ta ce babu majefi a ƙasar nan da ke sakin ƙwallo daga ƙasa-ƙasa haka, kuma tana nutsewa fiye da ta kowa. Na'urar ce dai ta ranar gwaji, kuma abin da ta faɗa ke nan a ranar, a shafi na biyu. Aka cire sunansa daga jerin sallama. A shekara ta uku ya sami riga mai lambobi biyu, irin ta cikakkun 'yan wasa, aka kira shi babbar ƙungiya a watan Mayu.

Wasansa na huɗu ya faɗo a kan abokan hamayyarmu, kuma wanda ya fito masa shi ne Magara, yana da shekara talatin da bakwai, gwiwoyi duk sun tafi. Toku-san ya sa na kai shi filin, ya sa kwat. Mutumin da Toku-san ya ce zai yi da mutumin da ya ce ba zai yi ba, ga su fuska da fuska a gaban mutum dubu talatin. Jifa na farko Magara ya aika ƙwallon wurin ajiye motoci. Muka zauna muna kallonsa yana zagaye fili. Toku-san ya ce min in tashi mu tafi kafin jirgi ya cika.

Magara bai daina dukansa ba har ya yi ritaya, amma sauran sun sha wuya. Tsukidate ya yi shekara uku a babbar ƙungiya, wasa casa'in da huɗu. Ana kiransa ne idan an shiga matsi ana son ƙwallo ta gangara ƙasa, ya zo ya yi jifa biyar ko shida ya koma ya zauna. Wata jaridar wasanni ta yi masa shafi guda. A ciki Negishi ya bayyana yadda nazarin bayanai ya tono lu'ulu'u a gidan awara. Hozumi ya bayyana cewa salonsa shi ne barin kowane yaro ya gano kansa. An ambaci uban, an ambaci bokitai, har an ambaci karen filin bakin kogi. Na kai wa Toku-san jaridar ina jiran ya fashe. Ya karanta da gilashin ƙara girma, layi-layi, ya ɗauki biro ya gyara abu ɗaya: sun ƙara wa Tsukidate santimita uku a tsayi.

"Shi ke nan?" na ce.

"Sauran ai ra'ayi ne. Wannan ƙarya ce."

A shekarar da ta biyo bayan waɗannan ukun gwiwar hannun Tsukidate ta tsage. Aka yi masa aiki, bai dawo daidai ba, a Oktoba ya sa kwat ɗinsa. Ya koma Iwate. Uban ya kira Toku-san a waya ya ce an dawo masa da shi, ya gode, amma yanzu da hannu ɗaya yake ɗaga bokiti. Ya ce sun sayi injin ɗagawa, kuma mutane na zuwa daga nesa su sayi awara su ɗauki hoto, saboda haka ba zai yi dogon ƙorafi ba. Negishi yanzu mataimakin manaja ne. Hozumi yana sharhi a rediyo, inda yake yawan gargaɗin kociyoyi a kan taɓa abin da ba ya bukatar taɓawa.

Toku-san yana da shekara saba'in da huɗu. An cire masa yanar idon, yana gani tar, kuma tun daga lokacin bai ga yaro ɗaya da ya burge shi ba. Ba wanda ke biyansa, ba wanda ke karanta abin da yake rubutawa, amma duk watan Yuli, lokacin wasannin share fage na makarantun sakandare, yakan ɗauki jakarsa ya bi filaye.

Ban da bana. Bana Kikue ta yanki tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, mutum biyu, kwana goma sha huɗu, ba ta gaya masa ba sai ana saura kwana uku. Ta zaɓi ranakun da kalandar wasanni a gabanta. Ni na kai su tashar jirgin. Yana tafe a bayanta da hular rana da ta saya masa, fuskarsa kamar ta wanda za a kai kurkuku. Ya ja ni gefe ya cusa min takarda: sunan wata makaranta a Aomori da lambar rigar wani yaro.

Kikue ta juyo ta ce, "Nukui-kun, in ya kira ka kada ka ɗauka."

A rana ta biyu ya kira, na ɗauka. Ina jin iska da kiɗan rawa a bayansa. Ya ce, "Ka je? Yaya ya sauko daga..." Sai na ji muryarta tana cewa malamin rawa yana jira, layin ya katse.

Sun dawo washegarin wasan ƙarshe. Ya yi ƙiba, rana ta ƙona masa hanci, kuma an ba shi takardar shaidar kammala darasin rawa na masu farawa. Kwana uku bai yi mata magana ba. Kikue ta ce min waɗannan kwana ukun sun fi na jirgin daɗi, kuma ta riga ta tambayi farashin na baɗi.